Rawayar tuta: yadda kwastan da imigireshan ke karɓar jirgin ruwan shaƙatawa a ƙasar waje

Yanzu bidiyon Turawa masu zagaye duniya a ɗan jirgin ruwansu ya cika waya, mutum da matarsa wani lokacin har da yara, yau suna wannan tsibiri gobe suna wancan, sai ka ji matasanmu suna cewa ai su waɗannan sun huta, babu ruwansu da biza babu ruwansu da layin imigireshan, duk inda iska ta kai su nan ne gida. To gaskiya ba haka abin yake ba, ɓangaren da ba a ɗauka a bidiyo shi ne ranakun da suke kashewa daga wannan ofis zuwa wancan da jakar takardu a hammata. Kuma abin yana damuna ne saboda akwai 'yan uwanmu da suka fara neman aiki a irin waɗannan jirage, wasu girki wasu kula da inji, sannan akwai masu hali da suka fara sha'awar saya, kuma kuskure ɗaya a wannan harka yana iya jawo a ƙwace jirgi ko mutum ya kwana a tsare a ƙasar da bai san kowa ba.

Idan ka sauka a filin jirgin sama ba ka buƙatar sanin doka, hanya ɗaya ce, ginin da kansa zai kai ka gaban jami'i ko kana so ko ba ka so. Haka in za ka shiga Maraɗi ta Jibiya ko Ƙonni ta Illela, akwai shinge, dole ka tsaya. A teku babu wanda zai tare ka, gaɓa ce doguwa ɗaruruwan kilomita kuma ko'ina za ka iya tsayawa, shi ya sa doka ta juya nauyin ta ɗora a kanka, kai ne za ka nemi boda ka kai kanka. Wanda bai kai kansa ba, ko da bai ɗauko komai ba sai kayan sawarsa, a idon hukuma ɗaya yake da wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta, wato kusan kilomita 22, wannan ruwan nata ne kamar yadda ƙasarta take tata. Akwai sassauci guda, jirgin da wucewa kawai yake yi ba ya neman kowa da fitina an yarda ya ratsa ba sai ya nemi izini ba. Amma sharaɗin shi ne wucewar ta zama wucewa, da zarar ka jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, a wani lungu don hutu ko ka sauke ƙaramin kwale-kwale ka taka ƙasa to magana ta canza, ka shigo ƙasar mutane. Kuma ba kowace tasha ake shiga ta ita ba, kowace ƙasa tana da jerin tashoshin da ta amince baƙo ya fara tsayawa, su ne bodarta ta ruwa.

Wannan sharaɗin yana da ciwo a aikace fiye da yadda yake a takarda. Ɗauki wanda ya taso daga tsibiran Galafagos na ƙasar Ikwado zai tafi tsibiran Markisas da ke ƙarƙashin Faransa a tsakiyar tekun Fasifik, tafiyar kusan mil 3,000 ce, sati uku ko fiye bai ga ƙasa ba. Tsibirin da ya fi sauƙin fara kaiwa ta fuskar iska shi ne Fatu Hiba, kuma wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ba tashar shiga ba ce, dole sai ya wuce Hiba Owa ko Nuku Hiba ya yi rajista wajen jandarmomi sannan ya dawo yana faɗa da iska. Da yawa suna satar tsayawa a can, wasu su sha, wasu jirgin sintiri ya riske su a ci su tara. Ni ina jin tausayin mutumin da ya yi kwana 20 ruwa yana jijjiga shi a ce masa kar ya tsaya, amma in ka duba ta ɓangaren ƙasar, in ta bar kowa ya zaɓi inda zai fara sauka to ba ta da boda ke nan.

Da jirgi ya shiga ruwan ƙasa abu na farko shi ne ɗaga tuta rawaya, ba zane ba rubutu, a ɓangaren dama na dogon sandan jirgin. A tsarin tutocin jiragen ruwa na duniya ita ce ta harafin Q, kuma ma'anarta a yau ita ce mutanen jirgina lafiyarsu ƙalau, ina neman izinin mu'amala da gaɓa. Asalinta daga zamanin annoba ne. A 1377 birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrobnik a Kuroshiya, ya kafa dokar cewa masu zuwa daga inda ake annoba su zauna a ware kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya a yankin Benis aka mayar da shi kwana 40, daga kalmar arba'in ɗin nan ta Italiyanci ne ma Turawa suka samo kalmarsu ta killacewa. Kakanninmu da suka yi aikin hajji ta ƙasa sun san wannan da jikinsu, domin a Sawakin ta Sudan, inda suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, akwai wurin killace alhazai. Yalo kad ɗin da ake tambayarmu yau na rigakafin shawara duk jikan wancan tsarin ne, kuma wanda jirginsa ya biyo ta gaɓar Afirka ta Yamma ko wasu sassan Kudancin Amurka ya ajiye nasa kusa, akwai ƙasashen da za su nema.

Bayan tuta sai kyaftin ya kira tashar ta rediyon oba-oba, yawanci a layi na 16, ya faɗi sunan jirgi da inda ya fito da adadin mutane, su gaya masa inda zai tsaya. Daga nan a ƙasashe da dama babu wanda zai sauka sai shi kyaftin kaɗai, ya kwashi fasfo ɗin kowa ya tafi ofis, sauran su zauna a jirgi ko da kanti yana kallonsu, ba a karɓar baƙo, ba a miƙa wa wani kaya. Wasu ƙasashen kuma shi ma kyaftin ba zai motsa ba, jami'ai ne za su zo. Sai an gama komai ake sauke rawayar a ɗaga 'yar ƙaramar tutar ƙasar da aka shiga don girmamawa, kuma akwai jami'an da suke ɗaukar tuta yagaggiya ko rashinta a matsayin raini, wanda ba ka so ya zama farkon gaisuwarku.

Tambayar da mutum zai yi ita ce me ya sa ba a yi tsari ɗaya ga duk duniya ba kamar na jiragen sama. Akwai yarjejeniyar da aka yi a 1965 a ƙarƙashin hukumar jiragen ruwa ta duniya don daidaita fom da takardun da tashoshi ke nema, amma a cikinta an faɗa ƙarara cewa ba ta shafi jiragen yaƙi da jiragen shaƙatawa ba. Kaga ke nan kowace ƙasa gaban kanta take ci. A Martinik, wani tsibirin Faransa a Karebiyan, an daɗe mutum yana shiga shagon sayar da kayan jirgi ya cike fom a kwamfuta a buga masa hatimi cikin 'yan mintuna, shikenan ya shiga. A Ostareliya kuwa dole ka sanar da hukumar boda aƙalla awa 96 kafin ka iso, kowa a jirgin da bizarsa tun kafin ya taso in ba ɗan New Zealand ba ne. New Zealand da Fiji awa 48. A Birtaniya akwai fom na intanet da layin waya na musamman na masu irin waɗannan jirage, a Amurka akwai manhajar waya mai suna CBP ROAM, a wasu tsibiran Karebiyan ana amfani da wani shafin intanet mai suna SailClear. Har a ƙasa ɗaya ma tasha da tasha sukan bambanta wajen tsanani.

Takardun dai kusan iri ɗaya ne ko'ina, fasfo mai sauran wa'adi wanda galibi ake so ya kai wata shida, rajistar jirgi ta asali ba hoto ba, jerin sunayen mutanen ciki da lambar fasfo ɗinsu a kwafi da yawa, inshora, lasisin rediyo, wasu wuraren kamar Kuroshiya har da shaidar cewa matuƙin ya iya tuƙi, in kuma mai jirgin ba ya ciki to takardar da ta nuna ya ba kyaftin izini. Sai babbarsu, takardar sallama daga tashar da ka baro, wadda masu jin Sifaniyanci ke kira zarfe.

Yanzu mu zo inda abin yake da sarƙaƙiya. Hukuma ba ta kallon jirgin a matsayin abu ɗaya. Imigireshan mutane take gani, kwastan kaya take gani kuma shi kansa jirgin kaya ne a wajenta, masu kula da lafiya da noma kuma abin da suke gani shi ne akwatin da zai iya ɗauko cuta ko ƙwari. Kowannensu da nasa wa'adin, kuma wa'adin ba sa tafiya tare.

Ta ɓangaren imigireshan, zuwa ta ruwa ba ya ɗauke maka biza, wani lokacin ma ƙara maka sharaɗi yake. Misalin da ya fi kama Turawa shi ne Amurka. Ɗan Ingila ko Jamus yana shiga Amurka ba biza, rajistar intanet kawai yake yi, amma wannan rangwamen na wanda ya zo a jirgin kamfanin da ya sa hannu da gwamnatin Amurka ne, jirginka na kanka ba ya ciki, don haka in a naka za ka fara shiga dole sai da cikakkiyar biza a fasfo. Kuma rashin kai rahoton isowa a can tararsa dala 5,000 ce a karon farko, 10,000 in aka maimaita, ga yiwuwar riƙe jirgi. A Turai kuma akwai yankin Shengen mai ƙasashe 29, wanda ba ɗan yankin ba kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, duka ƙasashen a haɗe. Kwana 90 ga mai jirgin sama hutu ne mai tsawo, ga wanda jirginsa ke yin kamar kilomita 10 a awa kuma yana jiran iska, bai isa ya zagaye Girka kaɗai ba. Tun Oktoban 2025 suka fara sabon tsarin ɗaukar hoto da zanen yatsa a boda maimakon hatimi, wato lissafin kwanakin ya koma hannun kwamfuta.

Ga mai fasfo irin namu maganar ta fi nauyi, kuma nan ne nake so mutane su buɗe ido, domin kusan duk shawarwarin da za ka karanta a wannan harka masu fasfon Turai da Amurka ne suka rubuta wa junansu, in sun ce ai ana bugawa ne a tasha to su ake buga wa. Ɗan Najeriya ko Ghana yana da sauƙi a Dakar da Banjul saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba da kwana 90 ba biza, amma da ya nufi tsibiran Kanari to Sifaniya ya shiga, sai da bizar Shengen. In ya tsallaka Atlantika ya isa Martinik ko Gwadaluf, duk da cewa Faransa ce, ba sa cikin Shengen, bizarsu daban. Sannan biza ta intanet ko wadda ake bayarwa a wajen sauka, sau da yawa an ƙayyade ta ga wasu filayen jirgin sama ne kawai, ka iso ta ruwa a ce ba ta aiki a nan. Kuma babu ofishin jakadanci a tsakiyar teku, abin da ba ka nema ba kafin ka taso ka rasa shi.

Wani abin da masu neman aiki a jirgi ya kamata su sani, duk wanda sunansa ke jerin mutanen jirgi amana ce a wuyan kyaftin, shi ya shigo da kai shi zai fitar da kai. In kuka saɓa kana so ka sauka ba za ka ɗauki jaka ka tafi kawai ba, sai an je imigireshan an cire sunanka, kuma yawanci sai sun ga tikitin jirgin saman da zai fitar da kai daga ƙasar. A Folinesiya ta Faransa wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya nuna tikitin fita ko ya ajiye kuɗin da ya kai na tikitin komawa gida a matsayin jingina. Haka wanda zai tashi ta sama da tikitin zuwa kawai don ya tarar da jirgi a wata ƙasa, in babu wasiƙar kyaftin da kwafin rajistar jirgin tun a filin jirgi za a iya hana shi hawa.

Kwastan kuma, duk direban da ya taɓa shiga Nijar da motar Najeriya ya riga ya fahimci rabin maganar. Ana ba ka takardar shiga da mota ta ɗan lokaci, wadda ake kira lesefase, a kan cewa ba sayarwa ka zo yi ba kuma za ka fita da ita kafin wa'adi ya cika, in ya cika ba ka fita ba motar ta zama kayan da aka shigo da su ba a biya musu kuɗin fito ba. To haka jirgi yake. A Tarayyar Turai jirgin da ke da rajistar waje, mai shi ma mazaunin waje ne, yana da wata 18 ba haraji. In ya wuce sai harajin VAT ya hau kan darajar jirgin gaba ɗaya, a Faransa kashi 20 cikin ɗari, Italiya 22, Girka 24, Kuroshiya 25. Jirgin yuro 200,000 a Faransa harajinsa 40,000 ke nan saboda an manta da kwanan wata. A cikin wa'adin ba a yarda ka sayar da shi ba, ba a yarda ka bayar da haya ko ka ɗauki fasinja don kuɗi ba, ko aron shi ga mazaunin ƙasar yana iya karya sharaɗin. New Zealand tana ba da har wata 24, Turkiyya da Girka suna ba da wani littafin da ake rubuta zirga-zirgar jirgin a ciki, a Senegal ma kwastan ke ba da takardar izinin zaman jirgi ana sabuntawa.

Kaga a Turai jirgi yana da wata 18, mai shi yana da kwana 90. Shi ya sa za ka ga mutum ya ɗaure jirginsa a marina, wato tashar ajiye ƙananan jirage, ya hau jirgin sama ya fita, ko kuma ya ja shi zuwa Turkiyya ko Albaniya ko Montenegiro ko Tunisiya ya jira kwanakinsa su dawo. Kuma taswirar Shengen daban ta kwastan daban, Norway tana Shengen amma ba ta cikin Tarayyar Turai, Ireland da Sayifurus suna Tarayyar amma ba sa Shengen, don haka akwai inda za ka je wa'adin jirgi ya sabunta naka yana ci gaba da ƙonewa, akwai kuma akasin haka. 'Yan Birtaniya da suka saba tsallakawa Faransa kamar zuwa ƙauyen maƙwabta, daga 1 ga Janairun 2021 suka wayi gari duk wannan lissafin ya hau kansu.

A kan waɗannan biyun akwai wa'adi na uku da babu ofishin da ke sabunta shi, wato yanayi. Lokacin guguwar Atlantika daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, shi ya sa ayarin jiragen shaƙatawa da ake kira ARC, wanda aka fara tun 1986, da yanzu ke tafiya daga Las Palmas ta tsibiran Kanari zuwa Sent Lusiya a Karebiyan, tafiyar mil 2,700, sai ƙarshen Nuwamba yake tashi. A kudancin Fasifik guguwa daga Nuwamba ce zuwa Afrilu, sai ka ga jirage sun yi dafifi daga Tonga da Fiji zuwa tashar Opua ta New Zealand kafin lokacin. Wanda bizarsa ta ƙare a daidai lokacin da teku ba ta fituwa yana tsakanin karya doka da jefa ransa a haɗari, kuma a ganina nan ne dokokin suka fi gazawa, an rubuta su ne da tunanin mai tikiti a aljihu. Abin da ya fi shi ne mutum ya je imigireshan tun da sauran kwanaki ya yi bayani, yawancin jami'an tashar ruwa sun san teku.

Kayan cikin jirgi ma sai an bayyana. Bindiga ita ce ta farko, wasu ƙasashen su karɓa su ajiye sai ranar fita, wasu su rufe ta da hatimi a cikin jirgin, wadda aka ɓoye aka gano kuwa kurkuku ne. Kuɗi in sun kai yuro 10,000 a Turai ko sun haura dala 10,000 a Amurka sai an faɗa. Akwatin magani kuma a kula, jirgin da zai yi sati uku a ruwa dole ya riƙe magunguna masu ƙarfi, amma irinsu tiramadol da kodin a ƙasashe kamar Masar da Daular Larabawa babban laifi ne in babu takardar likita. Kar kuma mutum ya ji haushi in an shigo da kare ana ɗaga katako, ba don fuskarsa ba ne. Masu safarar hodar ibilis daga Kudancin Amurka sun daɗe suna amfani da irin waɗannan jirage, har ƙasashen Turai suka kafa cibiya ta musamman a Lisbon a 2007 don bibiyarsu. A 2017 an kama wani jirgi a Mindelo ta Kef Bade da fiye da tan ɗaya a ɓoye a ƙarƙashinsa, matasan Brazil da aka ɗauka haya don su kai shi Turai suka dage ba su san da kayan ba, aka yanke musu shekara 10, sai a 2019 aka sake su bayan an soke hukuncin. Duk wanda aka yi wa tayin aikin kai jirgi wata nahiya da kuɗi mai daɗi ya tuna da wannan, ya tambayi waye mai jirgin, ina aka yi masa gyara na ƙarshe, me ya sa ake sauri.

Sai masu hana shigowar ƙwari da cututtukan shuka da dabbobi, waɗanda a Ostareliya da New Zealand sun fi kwastan ɗin ma tsanani. Nama, ƙwai, zuma, ɗanyen kayan lambu, iri, duk sukan tattara su ƙona, kilishinka da ka yi tanadi ba zai tsira ba. Suna duba katakon jirgi ko akwai gara, suna duba ƙasan takalmi ko da laka, shara ma ba ka da ikon zubarwa sai su karɓa. Tun 2018 New Zealand ta wajabta jirgi ya iso da ƙasansa a wanke, ba gansakuka ba katantanwar da ta manne. A Galafagos masu nutso ne ke shiga su duba, in suka ga datti sukan kora jirgi ya fita daga yankin da aka keɓe, kusan mil 40, ya wanke a tsakiyar teku sannan ya dawo. Da farko abin kamar tsangwama, amma wanda ya ga yadda kachalla ta cinye fadamun Hadejiya da Nguru ya san abin da tsiro ɗaya ke yi in ya samu wuri, su kuma tsibirai ne, abin da ya shiga ya shiga. Kare ko kyanwa kuma nasu takardun sun fi na mutum yawa, wasu ƙasashen sai an killace su.

Kuɗin shiga ya danganta, wani wurin kusan kyauta, wani wurin kamar Galafagos sai ka ɗauki ejan tun kafin ka taso kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. A ƙasashe da yawa isowa da dare ko ranar hutu yana jawo kuɗin obataim, shi ya sa ƙwararru ke rage gudu su iso da safiyar ranar aiki. Duk abin da ka biya ka nemi rasit. Shiga ofis da gajeren wando ba takalmi kuma wulaƙanta kai ne, a yawancin tsibiran nan mutane ne masu kunya da son girmamawa kamar mu. A Fiji ma bayan gwamnati ta gama da kai, in za ka tsaya a ruwan wani ƙauye sai ka je gaban mai gari da ƙunshin saiwar wani tsironsu da ake kira kaba, ba kabar goruba irin tamu ba, ka yi gaisuwa, suna kiran abin sebusebu, in ya karɓa ka zama baƙon gari. Wannan Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba.

In jirgi ya lalace ko wani ya kamu da ciwo ko guguwa ta taso, al'adar teku da doka sun yarda ka fake a tasha mafi kusa ko da ba ta shiga ba ce, amma ka kira hukuma nan take ka rubuta komai a littafin jirgi, kuma uzurin ya zama na gaske don za su duba injin da ka ce ya mutu. Ko wannan ma ya girgiza a 2020 lokacin korona, mutane suka baro tasha boda a buɗe suka iso bayan sati uku an rufe, wasu aka ba su ruwa da mai aka ce su yi gaba, wasu suka yi makonni a kan anka da rawayar tuta ba su taka ƙasa ba.

Fita ma ba a yin ta a ɓoye. Sai ka koma ofisoshin nan, a biya kuɗin tasha, imigireshan ta rufe zaman kowa, kwastan ta karɓi takardar jirgi ta mayar maka da abin da ta ajiye, sannan a ba ka takardar sallama mai ɗauke da sunan tashar da ka nufa da sunayen waɗanda ke ciki. Yawanci awa 24 ake ba ka ka bar ruwansu, ba wai ka je wani lungu ka ƙara kwana uku ba. Ƙasar gaba wannan takardar za ta fara tambaya, za ta duba ranar da ka taso da ranar da ka iso, in tafiyar kwana biyar ta ɗauke ka kwana 20 za a tambaye ka ina ka tsaya, in takarda ta ce ku huɗu ne aka ga uku za a tambaye ka ina na huɗun, kuma ba za a sauke rawayar tutar ba sai an samu amsa.